Famfon rana a kwarin Tarka: injin da ke gyara tafiyarsa da kansa

Duk wanda ya bi hanyar Madawa zuwa Sabon Gida tsakanin watan Disamba da watan Maris ya san ƙarar kwarin Tarka. Ƙarar injinan ban ruwa ce, tun da asuba har rana ta take, kowace garka da nata. Amma cikin ƴan shekarun nan an fara ganin garaken da ruwa ke kwarara cikinsu ba tare da wata ƙara ba. A gefen rijiya sai ka ga allunan hasken rana, waɗanda ake ce ma panno, an kafa su bisa ƙarfe suna fuskantar kudu, a ƙarƙashinsu kuma an ɗaure wani ɗan akwati da bai fi girman littafi ba. Manomi yakan yi ciniki a kan yawan allunan da ƙarfin famfon, ba safai yake tambayar abin da ke cikin akwatin ba, alhali kuwa shi ne ke yanke shawarar lokacin da inji zai tashi, da saurin da zai yi, da lokacin da zai tsaya.

Cikin akwatin akwai ƴar ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwa, cikinta kuma akwai manhaja, wato jerin umurnin da aka rubuta mata, abin da ake ce ma lojisiyal da Faransanci. Irin wannan manhaja ba ta jiran mutum ya zo ya murɗa mata wani abu. Tana auna halin da ake ciki, tana canza tafiyarta tana cikin aiki. Masanan kwamfuta sun daɗe suna muhawara a kan yadda za a bar na'ura ta riƙa gyara kanta ba tare da ta jawo ɓarna ba, kuma muhawarar da ake yi a kan jiragen sama da manyan tashoshin wuta ita ce ta sauka yau cikin gonar albasa.

Abin da ya kawo ta sananne ne ga ƴan kasuwa. Tun shekarun 1990, lokacin da shirin raya ƙasan kwarin Tarka, wanda asusun ƙasashen Turai ya ɗauki nauyinsa, ya yaɗa ƙananan rijiyoyin tiyo da injinan isansi, albasar wannan yanki ta dogara ga man Najeriya mai rahusa da ke ƙetaro iyaka cikin jarkoki. Ranar 29 ga watan Mayu na 2023 sabon shugaban Najeriya, Bola Tinubu, ya ba da sanarwar cire tallafin mai, farashi ya ninka cikin ƴan kwanaki. Bayan watanni biyu aka yi juyin mulkin 26 ga watan Yuli a Yamai, kungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Wasu manoma sun maida injinansu su yi aiki da gas na girki, wasu kuma, waɗanda ke da hali ko suka samu tallafin wani shiri, suka koma ga rana.

Jakin da kayansa ke canzawa

Rana ba ta ba da wuta daidai wa daida kamar yadda tankin isansi ke ba da mai. Da safe kaɗan ce, da tsakar rana ta cika, in hazo ya taso ko ƙura ta kwanta bisa allo sai ta ragu. Zafi ma yana rage ta, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ƙarfin da aka rubuta a bayan allo an auna shi ne allon yana da zafin digiri 25, kuma kowane digiri guda da ya ƙaru yana cinye kimanin kashi 0,4 cikin 100 na ƙarfin. A watan Afrilu, allon da ke shan rana yana iya kai digiri 65, ke nan ya rasa wajen kashi 16 cikin 100, daidai lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa.

A kowane lokaci akwai wani nauyi guda da in an ɗora ma allunan za su ba da iyakar wutar da suke iyawa. Kamar jaki ne: in an cika masa kaya sai ya durƙushe, in an rage da yawa an yi asarar tafiya. Bambancin kawai shi ne ƙarfin wannan jaki yana canzawa daga minti zuwa minti. Dabarar da galibin akwatunan ke bi mai sauƙi ce. Manhajar takan ƙara nauyin kaɗan, ta duba ko wutar ta ƙaru. In ta ƙaru, ta ci gaba ta wannan gefe. In ta ragu, ta juya baya. Haka take yi sau da yawa cikin daƙiƙa guda, tun fitowar rana har faɗuwarta, kuma daidai da abin da ta samu take ƙara ma inji sauri ko ta rage. Shi ya sa ruwa ke fitowa siriri da hantsi, ya cika tiyo da azahar, ya koma siriri da la'asar, ba wanda ya taɓa komi.

Wannan shi ne ɓangaren wayo, kuma shi masu sayarwa ke talla. Akwai ɓangare na biyu da bai da farin jini wajen manoma, wato na hani. Famfon da ake zurawa cikin rijiya ruwan da yake ja shi ke sanyaya shi. In ruwa ya sauka ƙasa da bakinsa ya ci gaba da juyawa a bushe, cikin ɗan lokaci sai ya lalace. Don haka akwati na kirki yana da hanyar gane cewa ruwa ya ƙare, ko ta wani ɗan ma'auni da ake ratayawa cikin rijiya sama da famfon, ko ta lura da cewa inji ya daina jan wuta kamar mai ɗauke da kaya. Da ya gane sai ya tsaida inji, ya dakata wasu mintoci rijiya ta tara, sa'an nan ya sake gwadawa a hankali. In akwatin kansa ya yi zafi fiye da kima, ya rage sauri. In shato ya cika, ya tsaya. In yashi ya riƙe famfon, ya yanke wuta kafin waya ta ƙone. Akwai ma wani ɗan agogo a cikinsa da ba shi da aiki sai gadin manhajar: dole ta riƙa taɓa shi a kai a kai, in ta daskare ta kasa, sai ya kashe ta ya tada ta sabuwa.

Irin wannan hani ba a garka kaɗai yake ba. Ma'aikaci ko mai shago da ya sa alluna bisa rufinsa ba tare da batir ba, ya haɗa su da layin NIGELEC, yakan yi mamakin ganin wutarsa ta ɗauke tare da ta gari, ga kuma rana tsaka. An rubuta ma na'urar haka ne da gangan, domin kada ta tura wuta cikin layin da ma'aikacin kamfani ya hau yana gyara, yana zaton babu komi cikinsa. Babbar tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ita ma sai ta bi bugun layin da take zuba ma wuta, bugu 50 a daƙiƙa.

Abin da jiragen sama suka koyar

Tarihin wannan fanni yana da rana mai daɗi da rana mai ɗaci, kuma duka biyun sun shafi mai sayen famfo.

Ranar 20 ga watan Yuli na 1969, kumbon Apollo 11 na Amurka yana gab da sauka bisa wata, sai na'urarsa mai ƙwaƙwalwa ta fara ƙarar gargaɗi. Wani radar ne ke cika ta da aikin da ba a yi lissafi da shi ba, har ya fi ƙarfinta. Amma waɗanda suka rubuta manhajar, a ƙarƙashin jagorancin wata mata mai suna Margaret Hamilton, sun riga sun jera ayyukan bisa muhimmancinsu. Na'urar ta zubar da ƙananan ayyuka, ta riƙe na tuƙi, aka sauka lafiya. Ta canza tafiyarta tana cikin aiki, amma tun a ƙasa aka faɗa mata abin da za ta saki da abin da ba za ta taɓa saki ba.

Ta biyun ta faru kusa da mu. Ranar 10 ga watan Maris na 2019 jirgin kamfanin Habasha, samfurin Boeing 737 MAX, ya faɗi mintoci 6 bayan tashinsa daga Adis Ababa zuwa Nairobi, mutum 157 suka rasu. Ƙasa da watanni biyar kafin nan, ranar 29 ga watan Oktoba na 2018, wani irinsa ya faɗa teku a Indonesiya da mutum 189. Bincike ya nuna an sa ma jirgin wata manhaja da ke duƙar da hancinsa da kanta in ta ga ya ɗaga fiye da kima. Ma'auni guda tak take saurare a lokaci guda. Da ma'aunin ya yi ƙarya, sai ta riƙa danna hancin jirgi ƙasa, matuƙa su ɗaga, ta sake dannawa, kuma kafin haɗarin farko ba a ma bayyana ma matuƙa cewa akwai ta ba. An dakatar da jiragen duka, Amurka ba ta sake ba su izinin tashi ba sai watan Nuwamba na 2020. Gyaran da aka yi ya cancanci a lura da shi: manhajar ta riƙa gwada ma'auni biyu, in sun saɓa ta janye hannunta, kada ta riƙa maimaita dannawa, kuma kada ƙarfinta ya fi wanda matuƙi zai iya rinjaya. Ba a ƙara mata wayo ba ko kaɗan, iyaka aka sa mata.

Wani malami mai suna Lui Sha, na jami'ar Ilinoyi a Amurka, ya ba da wata shawara tun shekarun 1990 wadda masu wannan sana'a ke yawan komawa gare ta. A ganinsa, manhaja mai wayo da yawa ba za a taɓa iya bincike ta kaf a tabbatar ba ta da kuskure ba. To sai a aje wata a gefenta, ƙarama, mai sauƙi, wadda aka bincika sarai, tare da mai lura da ke duba ko al'amari ya doshi iyaka. In ya dosa, a karɓe tuƙi daga mai wayo a ba mai sauƙi. Duk mai motar da ke ɗaukar albasa zuwa Abijan ko Kumasi ya san wannan tsari. Ana barin yaron mota ya riƙa sitiyari bisa miƙaƙƙiyar hanya, amma direba yana zaune kusa da shi bai yi barci ba, kuma an san wuraren da zai ce masa: tashi.

Waya biyu da aka haɗe

A kasuwannin Madawa, Ƙwanni da Maraɗi ana samun famfon rana iri-iri, daga na kamfanonin Turai kamar Lorentz na Jamus da Grundfos na Danmak, har zuwa waɗanda ba a san ko sunan wanda ya ƙera su ba. Daga waje akwatunan sun yi kama. Bambancin kuɗinsu sau da yawa yana cikin ɓangaren hani ne, wanda ido ba ya gani ranar ciniki, sai ranar da rijiya ta janye.

Ko akwatin na kirki ne, akwai hanyar da ake kashe masa tsaro cikin minti guda. Manomi ya ga inji yana tsayawa da tsakar rana, ga albasa tana jin ƙishi, albasa kuwa saiwarta gajera ce, ba ta jure jinkirin ruwa. Ya kira mai gyara. Mai gyara, don ya faranta masa, sai ya cire ma'aunin rijiya ya haɗe wayoyinsa biyu, akwatin ya riƙa jin cewa kullum akwai ruwa. Inji ya daina tsayawa, kowa ya yi murna, bayan ƴan makonni famfon ya ƙone, laifi kuma ya koma kan ɗan kasuwan da ya sayar. Wannan ita ce matsalar jirgin Boeing a ƙaramin siffa: manhaja tana aiki daidai da abin da aka faɗa mata, abin da aka faɗa mata kuwa ƙarya ne. Maganin gaskiya a nan shi ne a rage saurin inji daga akwati yadda jansa zai yi daidai da abin da rijiya ke tarawa, ko a ƙara zurfin famfon in rijiyar ta ba da hali. Amma hakan sai mai gyara ya san karatun akwatin, shi kuwa akwatin yakan yi magana ne da lambobi da ƴan fitilu, takardar bayaninsa da Turancin Ingila ko da Sinanci, in ma ta zo cikin kwali.

Ba a ga laifin manomi ba in ya ƙi amincewa da injin da ke tsayawa bai faɗi dalili ba. Ɗan kasuwan da ya sa aka fassara masa ma'anar fitilun nan da Hausa, da boko da ajami, ya manna a murfin akwati, zai rage ma kansa rigima fiye da wanda ya rage jikka biyar a farashi. Su kuma ma'aikatan gidan gona da na gidan ruwa da ke rubuta sharuɗɗan kwangila, galibi ƙarfin allo da yawan ruwa a awa suke ƙayyadewa. Ya kamata takardar ta faɗi abin da inji zai yi in ma'auni ya lalace, ta tilasta a gwada tsayawarsa a gaban masu karɓar aiki ta hanyar ɗaga ma'aunin sama da ruwa, ta kuma tanadi maɓallin da mai garka zai kashe komi da hannunsa. Akwatunan zamani da ake iya sarrafawa daga nesa ta wayar salula sun ƙara wata tambaya: wa ke da ikon canza umurnin, kuma in layin waya ya yanke, inji zai ci gaba ne ko zai tsaya? Sarrafa ban ruwa daga nesa ba baƙon abu ba ne a Nijar. Ɗan ƙasa Abdou Maman Kané ya samu babbar kyautar Hassan na biyu ta duniya kan ruwa a 2015 saboda irin wannan ƙirƙira.

Abin da akwatin bai gani ba

Duk tsaron da aka ambata, tsaron inji ne. Akwatin yana kare famfo, yana kare allo, yana kare kansa. Ruwan da ke kwance ƙarƙashin kwarin, wanda garake ɗaruruwa ke sha daga gare shi, ba ya cikin lissafinsa, domin ba wanda ya rubuta masa shi.

Injin isansi, da duk wahalarsa, yana da birki biyu da ba wanda ya shirya su. Na farko aljihu: kowace awa ta ban ruwa kuɗi ce, don haka da fangali ya ƙoshi ake kashe inji. Na biyu dokar halitta: injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komi ƙarfinsa. Abin da ya sa ke nan in rani ya yi nisa ake ganin manoma suna gina rami kusa da rijiya su saukar da inji ciki, suna bin ruwa. In ramin ya gagara, an kai iyaka, dole a haƙura. Famfon rana da ake zurawa cikin rijiya ya cire duka biyun. Bayan an biya kuɗin sayensa, awa goma da awa ɗaya duk kuɗinsu ɗaya. Shi kuma tura ruwa yake daga ƙasa, zurfin mita 8 ba komi ba ne gare shi. Manhajarsa ma an rubuta ta ne don kada ɗigon rana guda ya tafi a banza. In ruwa ya sauka ta dakata, in ya dawo ta ci gaba, ba gajiya, ba ranar kasuwa, ba Juma'a. Wanda zai fara ji a jikinsa shi ne maƙwabcin da har yanzu yake da injin isansi ko yake ja da wasaki, da makiyayin da ke shayar da bisashe a rijiyar gefen kwari.

Ruwan nan ba daga nesa yake zuwa ba. Na damina ne da ke gangarowa daga duwatsun Adar ya nutse cikin yashin kwari. An sha wahala kafin a koyi riƙe shi. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Maggiya na gundumar Buza don tare iska, tare da kungiyar CARE. Daga 1984 shirin Keita, da kuɗin Italiya da taimakon FAO, ya shiga gina tudun dutse da madatsun ruwa da dasa itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. Duk wannan aiki don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa ne. Zai zama abin takaici a ce abin da aka tara da hannu cikin shekaru 40 na'urar da ba ta san an yi ba ta zo ta kwashe.

Wasu ƙasashe sun riga mu ganin haka. A jihar Punjab ta Indiya, inda ake ba manoma wutar ban ruwa kyauta, ruwan ƙasa ya yi ta sauka shekara da shekaru. A 2018 FAO ta fitar da rahoto kan ban ruwa da hasken rana, ta yaba amfaninsa, ta kuma yi kashedi kan wannan haɗari. A ƙauyen Dhundi na jihar Gujarat an gwada wata dabara tun 2016: manoma sun kafa kungiya suna sayar ma kamfanin wuta rarar wutar allunansu, ta haka wanda ya kashe famfonsa da wuri yana samun kuɗi. Dabarar sai inda layin wuta ya iso gona, abin da ya yi ƙaranci a garaken Tarka. Amma rarar wutar tana iya juya injin niƙa, ko ta busa iska cikin ma'ajiyar albasa, tun da kowa ya san yawan abin da ke ruɓewa cikin rudu kafin farashi ya tashi.

Ta fuskar na'ura, aikin ba mai wuya ba ne. Akwatuna da yawa suna rubuta awoyin da inji ya yi, wasu ana iya sa masu lokacin tashi da na tsayawa, ko iyakar sauri, in an haɗa masu ma'aunin ruwa kuma suna iya tsayawa bayan sun ba da adadin da aka ƙayyade. Ma'aunin rijiya ma ana iya rataye shi a zurfin da mutanen kwari suka amince kada a wuce, maimakon dab da bakin famfo. Wurin rubuta adadin yana nan cikin akwati. Abin da ya rage shi ne wanda zai faɗi adadin, da kuma abin da zai dogara a kai. Dokar ruwa ta ƙasa, ta ranar 1 ga watan Afrilu na 2010, ta tanadi sanar da hukuma ko neman izini kafin ɗibar ruwa gwargwadon yawansa, ta kuma buɗe ƙofa ga masu amfani da ruwa su shiga cikin tafiyar da shi. Amma iyakar da ma'aikaci ya zo daga Tawa ya rubuta cikin akwati ba tare da kungiyar manoma ta ga dalili ba, makomarta makomar ma'aunin rijiya ce: mai gyara zai zo da ƴar wayarsa. Kafin a kai ga adadi, sai an samu ƴan rijiyoyin awo a Sabon Gida da Karofan da sauran sassan kwarin, a riƙa zura igiya ranar farko ta kowane wata daga Oktoba zuwa Mayu, a rubuta zurfin bisa allo a kasuwar albasa inda manomi da dillali da mai sayar da famfo za su gani tare.